Ƙwaryar Yayen Barira

Tun kafin rana ta fito Maiwuri take kaɗa ƙwaryarta, kamar yadda ta saba shekara talatin da ɗaya ba hutu. Wanda ya leƙa ɗakinta a tashar ruwa ta Kwarin Madaci ba zai ga wani abin a zo a gani ba. Dunƙulen gilashi ne mai tsayin mutum, an zuba shi ya daskare a kan wayoyi, ƙananan fitilu suna ƙyaftawa a ciki, fari, baƙi, fari, fari, baƙi, da saurin da ido ba ya iya bi. Amma duk ruwan da mutum dubu ɗari tara suke sha a garin, wannan na'ura ce take cewa a jawo ko a dakata, kuma ba a taɓa kama ta da ƙarya ba sai ranar wannan Talatar.

Kwamfutoci irin na kakanni, masu son sanyi da cin wuta, sun daɗe da mutuwa a wannan yanki, don zafin da ake yi yanzu ko jaki ba ya yarda ya fita da azahar. Shi ya sa aka koma lissafin wuri, irin wurin nan da ake watsawa a caca. Shi wannan lissafi ba ya rubuta lamba. A cikin na'ura akwai ɗan guntun ƙarfe da bai fi goro ba, ana ce masa ƙwarya, aikinsa kawai ya yi ta watsa wurin lantarki, wani ya faɗi fari, wani baƙi, su fito a jere kamar zare. In ana son a ce arba'in cikin ɗari, sai a sa ƙwarya ta saki zaren da ɗigo arba'in cikin kowane ɗari farare ne, a warwatse. In kuma ana son a san yiwuwar abu biyu su auku tare, sai a tura zare biyu su bi ta ƙofa ɗaya wadda ba ta sakin fari sai fari ya yi kiciɓis da fari. Arba'in da arba'in in suka bi ta nan, sha shida ke fitowa. Na'urar ba ta cin wuta, ba ta tsoron zafi, in ɗigo ɗaya ya ɓata ma ba ta san an yi ba.

Sharaɗinta ɗaya ne tak, kada zaren biyu su san juna. Shaidu biyu a gaban alƙali, in sun riga sun zauna sun shirya magana, ai shaida ɗaya ce. Haka zare biyu, in farinsu yana zuwa tare baƙinsu yana zuwa tare, ƙofar ba za ta ce sha shida ba, arba'in za ta ce. Maƙeran lantarki suna kiran wannan cuta haɗin baki, kuma shi ne darasin farko da ake koya wa duk wanda ya shiga sana'ar.

Da hantsi wuta ta ɗauke a tashar. Ba ta jima ba ta dawo, don Injiniya Barira mai kula da Maiwuri ko kofin kununta ba ta ajiye ba. Sai ta ji wani irin gum mai nauyi daga can ƙarƙashin ƙafarta, jiniya kuma ta biyo baya. Shekara goma sha tara tana aiki a wurin, sau ɗaya ta taɓa jin wannan ƙara, shi ma ranar gwaji ce. Ƙofar ƙarfe ta ƙasan rijiya ce ta faɗo ta rufe.

Rijiyar zurfinta mita ɗari shida. A ƙasanta akwai ɗakin famfo, inda manyan famfuna biyu, na gabas da na yamma, suke zuƙo ruwa dare da rana. An yi ƙofar ne don ranar da dutse zai tsage alhali ruwa yana da matsi, kada ruwan ya taso ta ramin ya tafi da tashar da unguwannin da ke kewaye da ita. Da zarar haɗari ya wuce talatin cikin ɗari Maiwuri za ta rufe, kuma ba mabuɗi, ba manaja, ba gwamnan da ya isa ya buɗe. Da gangan aka yi haka, tun lokacin da wani babba ya taɓa ba da umarnin a buɗe irinta a wani gari, aka yi kwana uku ana kwasar gawa. A bayan ƙofar a wannan safiya akwai mutum goma sha ɗaya da iskar ajiya ta awa huɗu. Shugabansu Sallau ne, mijin Barira, uban 'ya'yanta uku.

Ba ta san lokacin da ta isa gaban allon Maiwuri ba. Wayar rijiya ta yi ƙara, ta ɗauka.

"Injiniya," in ji Sallau, da sunan da yake tsokanarta da shi ko a gida, "uwar ɗakinki ta kulle mu. Me muka yi mata?"

Ta tambaye shi ko dutse ya tsage. Ya ce ya zaga da fitila, ko ɗigon ruwa babu a bango, sai ɗan kaɗawar nan da aka saba ji in famfuna suna aiki. Ta ce ya sa mutanensa su zauna, su rage magana, kada kowa ya yi aikin ƙarfi. Ya yi dariya ya ce karo na farko ke nan da ta hana shi aiki.

Allon ya nuna lambobi uku. Girgizar dutse, arba'in. Matsin ruwa, arba'in. Haɗari, arba'in. Barira ta tsaya tana kallon ta ukun. Ko ɗan koyo na wata ɗaya ya san sha shida ya kamata ta zama. Ta jona madubin gwaji ta rage saurin zaren biyu har ido ya iya binsu, ta ga abin da take tsoro. Fari da fari, baƙi da baƙi, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su saɓa ko sau ɗaya ba. A nan ta zauna a ƙasa, don ta san wanda ya jawo wannan abu, kuma ba kowa ba ne sai ita.

Maƙeran lantarki na Kwarin Madaci suna da wata al'ada. Ita ƙwarya, duk watsa wurin da take yi, ba da ka take yi ba. Wani dogon jeri take karantowa, wanda yake tsirowa daga lamba ɗaya da ake ce wa iri. Ranar da maigida zai yaye ɗan koyonsa, yakan ɗebi irin ƙwaryarsa ya zuba masa a cikin sabuwa, kamar yadda mace take ɗiban kindirmon uwarta ta kafa nata. A nan albarkar sana'a take, haka suka yi imani. Barira ita kaɗai ce macen da Baba Gwadabe, wanda ya ƙera Maiwuri, ya taɓa yayewa, kuma ƙwaryar yayenta tana naɗe a cikin akwatinta duk shekarun nan, ba ta ga aikin da ya isa ta sa ta ba. Kwana tara da suka wuce ƙwaryar matsin ruwa ta ƙone. A sito akwai sababbi cike da kwali, 'yan masana'anta. Ta ɗauki ɗaya ta juya ta a hannu, ta ce a ranta ba za ta rataya ran mijinta a kan abin da ba a san asalinsa ba. Ta koma gida ta ɗauko tata.

Ba wai ta manta ba ne cewa ƙwaryar girgizar dutse, wadda aka binne a bangon rijiya tun ranar farko, ta Baba Gwadabe ce da kansa, iri ɗaya da tata. Ta sani. Ta gwada su har sau uku, ta ga waccan ta yi nisa a karatunta wannan kuma yanzu ta fara, ba sa haɗuwa ko'ina. Abin da bai zo mata ba shi ne ranar da wuta za ta ɗauke ta dawo, ta tashe su tare daga farko, kamar ɗalibai biyu da suka haddace sura ɗaya aka ce su ja baki lokaci guda. So ne ya sa ta yi, kuma so ɗin ne ya kulle Sallau a ƙasa.

Alhaji Nalado manajan tashar ya shigo yana share gumi. Mutum ne wanda in ka ce masa gobara ta tashi, sai ya tambaya ko an rubuto. Ya ce ya kira masu walda, sun ce yanka ƙofar aikin kwana biyu ne. Ya ce ya kira hukuma, sun ce za su zauna bayan la'asar. Ya tambaya ko ba za a cire ƙwaryar a sa wata ba. Barira ta ce ba a cire ƙwarya famfuna suna gudu, sai an sauke su a hankali, kuma saukewar awa bakwai take ci. Alhaji ya ƙirga da yatsu, ya ga bakwai ta fi huɗu, ya fita ya sake kiran hukuma.

Kafin nan bakin ƙofar tashar ya cika da matan ma'aikata da iyayensu, kowa ya ji jiniya. Ba ihu suke yi ba, sun riƙe ƙarfen shinge cikin wannan rana suna salati ƙasa-ƙasa, kuma wannan ya fi ihu ciwo. Ta cikinsu keken Baba Gwadabe mai tuƙa kansa ya ratso. Tsohon ya haura tamanin, idonsa ya tafi sai dishi-dishi, amma kunnensa bai manta muryar na'urarsa ba. Ya lallaɓa ya shigo, ya ɗora tafinsa a jikin gilashin, ya ce ta karanta masa lambobin. Ta karanta. Ya juyo wajenta.

"Wace ƙwarya kika sa, 'yata?"

Ta durƙusa a gabansa ta faɗa masa. Ta so ya zage ta, ya ce mata bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, ko ya ɗaga sandarsa kamar yadda yake yi tana yarinya. Bai yi ba. Cewa ya yi shi ya ba ta irin, shi ya koya mata cewa albarka a ciki take, in laifi ne su raba. Wannan ya sa ta fashe da kukan da take riƙewa tun hantsi.

Amma kuka ba ya buɗe ƙofa, kuma awa ɗaya da rabi ta riga ta tafi. Ta tashi ta buɗe akwatin kayan aikinta, ta ɗauko wani ɗan abu da bai fi ƙwayar wake ba. Sunansa ɗan jinkiri. Aikinsa ya riƙe kowane ɗigo na ɗan lokaci kafin ya sake shi, don zare ɗaya ya zauna baya kaɗan, farinsa ya daina cin karo da farin ɗan'uwansa. Duk wayoyin Maiwuri suna daskare a cikin gilashi, sai guda ɗaya da ta fito ta bayanta tsawon taƙi kafin ta koma, ita ce wayar matsin gabas. Barira ta ce a nan za ta sa shi, haɗin bakin ya warware, lamba ta faɗo sha shida, ƙofa ta buɗe.

Tsohon ya kama hannunta. Ya ce ta zauna ta ji, don akwai abin da bai taɓa zama ya koya mata sosai ba, tunda bai taɓa zaton za a taɓa wurin ba. Ya ce ba kowane haɗin baki ne cuta ba. A ƙarƙashin ruwan daɗin da garin yake sha akwai tekun ruwan kanwa, abin da ya raba su ɗan ɓawon yumɓu ne. Muddin famfon gabas da na yamma suna ja daidai, ɓawon yana kwance. In ɗaya ya fi ɗaya ja, sai ya fashe. Don Maiwuri ta riƙa ganin bambancin jansu, shi da kansa ya sa zaren gabas da na yamma suka fito daga ƙwarya ɗaya, da gangan, su yi tafiya tare, ya tura su wata ƙofa da ba ta sakin fari sai inda suka saɓa. In jansu daidai ne ba za su saɓa ba, ƙofar ta ce babu. To, wayar nan da take son taɓawa, ita ce take ciyar da ƙofar lissafin haɗari, ita ce kuma take ciyar da ta saɓani.

"In kika jinkirta gabas," in ji shi, "kin raba shi da dutse, amma kin raba shi da yamma. Na'urar za ta ga saɓani wajen rabi inda babu komai. Za ta ɗauka gabas ya tsere, ta yi ta zabga wa yamma bulala ya kamo shi."

Ta ce a kashe famfon yamma da hannu. Ya ce in aka tsayar da shi farat ɗaya yana cikin wannan gudu, ruwan zai dawo da baya ya fasa bututu a kan mutanen da take son ceta. Ta tambaye shi ɓawon zai jure minti nawa. Ya ce rabin awa in an yi dace, ƙila ƙasa da haka, kuma in kanwa ta shiga ruwan daɗi ko jikokin jikokinta ba za su ga ta fita ba.

Kejin hawa da sauka, wanda ma'aikata suke kira guga, mutum shida yake ɗauka. Minti sha biyar hawa, goma sauka, sha biyar wani hawan. Barira ta haɗa, ta samu arba'in. Ta sake haɗawa ko za ta samu wani abu daban. Gaba kura, baya siyaki.

Ta kira ƙasa ta gaya wa Sallau komai, har da maganar ƙwaryar yaye, ba ta rage ko kalma ba. Muryarsa ta riga ta yi nauyi, yana numfashi tsakanin kalmomi. Bai ce mata don me ba. Shi mutumin rijiya ne, shekara ashirin da biyu yana sauka, kuma garin iyayensa kanwa ce ta tashe shi, ya san yadda ake loda tabarmi a mota a bar kabarin kakanni. Ya ɗan yi shawara da mutanensa, sannan ya dawo ya ce ga yadda za a yi. Ta buɗe, mutum shida su hau, waɗanda suka fi jigata. Da zarar guga ya iso sama ta cire ɗan jinkirin, ƙofa ta koma ta rufe, ɓawo ya huta. Su biyar da suka rage, da sabuwar iskar da za ta shigo, za su iya kai awa shida, ƙila da rabi. Ita kuma ta fara sauke famfuna.

"Bakwai nake bukata, Baban Ladidi," in ji ta.

"To sai ki yi sauri," in ji shi. "Ki yi mini alkawari za ki cire."

"Na ji," in ji ta, ta ajiye wayar.

Ba a yin walda a kan waya mai rai. Ta feƙe fatar wayar, ta maƙala ɗan jinkirin, ta datse tsakiya, ta danne bakin biyu da babban yatsa da manuni. Muddin tana riƙe yana aiki, ta saki kuwa bakin wayar su koma su haɗu kamar da. Ta ce wa Alhaji Nalado, wanda ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo, ya karanta mata allon. Ya fara karantawa. Arba'in. Talatin da huɗu. Ashirin da bakwai. Gum ɗin ya sake tasowa daga ƙasa, ƙofa ta buɗe, igiyar guga ta fara naɗewa. Lambar ta zauna a sha shida.

A gefe guda kuma lambar saɓani, wadda shekara talatin da ɗaya ba ta wuce biyu ba, ta yi tsalle ta hau arba'in da takwas. Famfon yamma ya ɗauki wani irin kuka da Barira ba ta taɓa ji ba, har kofin kunun da ta bari a kan tebur ya yi ta rawa ya faɗo. Baba Gwadabe ya zauna a ƙasa ya jingina da gilashin, ya fito da carbinsa. Ɗan jinkirin ba a yi shi don wannan nauyi ba, cikin minti biyar ya yi zafi, cikin goma ta fara jin ƙaurin fatarta. Ba ta canza hannu ba, don canzawar ma saki ne.

Da minti sha biyar suka cika, guga ya iso. Ta ji guɗa ta ɓarke a waje, ta ji ana kiran sunaye, ana kuka, ana godiya ga Allah. Wayar rijiya ta yi ƙara. Alhaji Nalado ya ɗauka ya kara mata a kunne.

"Sun iso?" in ji Sallau.

"Sun iso."

"Alhamdu lillahi. To saki."

Ba ta saki ba. A bayan muryarsa tana jin wani yana tari, wani kuma yana maimaita sunan 'yarsa a hankali kamar mai lazimi. Sallau ya ce duk sun yarda, su biyar ɗin. Ta san ƙarya yake yi mata, ko kuma su ne suka yi masa don kunya. Baba Gwadabe ya ce daga inda yake zaune, "Saki, 'yata. Awa shida da rabi ba ta da nisa da bakwai. Allah yana nan." Alhaji Nalado ya ce shi dai a matsayinsa na manaja yana ba da umarni a saki, amma ko taku ɗaya bai matso ba, don bai san wace waya ce ba kuma yana tsoron wuta.

Ita ta fi su duka sanin lissafin. Rabin awa ce tsakanin iskarsu da buɗewar ƙofa, ƙila su kai, ƙila su kasa. Minti goma ne tsakanin juriyar ɓawo da isowar guga na biyu, ƙila ya jure, ƙila ya fashe. Duk biyun wuri ne za a watsa. A ɗaya an ɗora ruwan mutum dubu ɗari tara, a ɗaya an ɗora mutum biyar, kuma ko yaro aka tambaya ya san wanda ya fi nauyi. Ita ma ta sani. Amma mutum dubu ɗari taran nan ba ta san yadda suke tari da safe ba, ba ta san wanda ba ya cin tuwo sai da yaji a gefe ba. Tsoro ne ya cika ta, tsoro tsantsa, na ta sauka bayan awa bakwai ta tarar da shi zaune jingine da ƙofa, fitila a hannu, ya yi sanyi, kuma ita ta kulle shi sau biyu, na farko da kuskure na biyu da saninta.

"Alhaji," in ji ta, "tura guga ƙasa."

"Barira," in ji Sallau. Rabon da ya kira ta da sunanta tun suna saurayi da budurwa. "Kada ki yi mana haka. Ba za mu iya ɗaukar wannan ba, ni da ke."

"In ka hau ka sake ni," in ji ta. "Amma ka hau."

Ta kawar da kunnenta daga wayar. Alhaji ya dubi tsohon, tsohon bai ɗago ba, sai ya danna maɓallin. Ya samu wanda zai ɗora wa laifi.

Minti ashirin da biyar ɗin da suka biyo baya, Barira ba ta iya tuna su daki-daki. Ta san yatsunta sun daina ciwo, abin da ya fi ciwon ba ta tsoro. Ta san an ce mata sun ƙi shiga guga, sannan aka ce sauran huɗun sun ɗauki Sallau cak sun jefa shi ciki. Ta san wajen minti na talatin da uku kukan famfon yamma ya canza, ya yi laushi, kamar abin da ya daɗe yana ja ya samu ya taho. Baba Gwadabe ya daina jan carbi a daidai lokacin. Ba ta tambaye shi ba. Ta ce wa kanta ƙila famfon ne ya gaji.

Guga ya iso. Sai da ta ji an buɗe ƙyaurensa sannan ta saki, fatar yatsun ta zauna a jikin wayar. Nan take lambar saɓani ta koma ɗaya, ƙofar ƙasa ta faɗo ta rufe ɗakin da ba kowa, Maiwuri ta ci gaba da ƙyafta fitilunta lafiya lau kamar ba abin da ya faru. Ita kam ba ta yi laifin komai ba. An gina birni a inda Allah ya ajiye ruwan raƙuma da makiyaya, an ɗora shi a kan ɓawon yumɓu, aka ce wa guntun ƙarfe ya yi gadi, shi kuma ya faɗi abin da aka sa masa a baki.

Ta fito tsakar tashar rana ta buge ta. An ɓalle shinge, mutane sun cika wurin, mata suna guɗa, wasu sun kama zanenta suna sa mata albarka, wata tsohuwa tana cewa Allah ya ba ta Aljanna ita da iyayenta. An zaunar da Sallau a inuwar tanki, leɓɓansa sun yi fari sun tsattsage. Bai dube ta ba. Wata mata ta ruga famfon shan ruwa na tashar, wanda shi ne na farko da ruwa yake isowa daga ƙasa kafin ya shiga gari, ta taro a kofin silba, ta miƙa wa Barira don ita ya kamata ta ba shi.

Ta durƙusa ta ba shi da hannun da bai ƙone ba. Ya kurɓa sau ɗaya ya tsaya. Ya riƙe ruwan a bakinsa ya daɗe kafin ya haɗiye, sannan ya ɗago ya dube ta, ya dubi yatsunta, ya miƙa mata kofin. Ta ɗanɗana. Ɗan ɗaci ne kaɗan a bayan harshe, da santsi kamar na sabulu, wanda bai san kanwa ba zai ce kofin ne ba a wanke ba.

Ya karɓe kofin ya shanye sauran don kada a ga fuskarta. Ya kife shi a ƙasa, ya kama wuyan hannunta a hankali, nesa da ƙunar.

"Injiniya," in ji shi, ƙasa-ƙasa, "yaya za mu gaya musu?"

Ta ɗago ta dubi jama'a. A bayansa guɗa ba ta tsaya ba, mata sun yi layi a bakin famfo, ta gaba ta riga ta cika kofinta tana kai wa mijinta.